Wasiƙa daga Dakwaro zuwa ga masuntan jihar Maraɗi

 

Mu nan Dakwaro ba mu da gulbi. Kwarin Tarka ne da tabkunan damina, don haka sai a faifan mai banda muke sanin halin da ruwanku yake ciki. A faifan kuwa tarwaɗa ce da ƙarfasa, ƙarfasar ma wata ba ta cika tafin hannun yaro ba. Ina giwan ruwa? Ina ragon ruwa da kurungu?

Kun fi ni sanin dalili. Tarwaɗa tana shaƙar iska, gaiwa tana binne kanta cikin laka har ruwa ya dawo, ƙarfasa tana goyon 'ya'yanta a baki. Waɗannan su ne masu jure wuya. Giwan ruwa sai zurfi da ruwa mai kyau, shi ya sa yake fara ɓacewa. Idan taru ya daina fito da iri-iri, ruwa ne ke kuka tun kafin kamu ya ragu.

Ba duka laifinku ba ne. Tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina, ambaliyar Gulbin Maraɗi ba kamar da ba, ga rairayi yana cike tafkin Madarunfa. Masuntan bakin kogin Senegal sun ga irin wannan bayan madatsar Diama ta 1986. Sai dai su teku na kawo musu sabon kifi. Ku fa? Tabki rufaffe ne. Abin da kuka bari bara, shi za ku tarar bana.

To, ga abin da ke hannunku. Gidan sauro na gado ne, a daina jan sa cikin ruwa. Yana kwashe har ƙwai. Kalli mai ƙananan idanu a ajiye shi. Mai zuba maganin ƙwari don kifi ya taso, a kai shi gaban Sarkin Ruwa ko ɗan wane ne, domin ruwan nan shanun makiyaya ma shi suke sha.

Abin da ya fi wuya shi ne rufe ruwa a farkon damina, lokacin da kifi ke hawa ciyawa yana zuba ƙwai, ga hatsi ya yi tsada a gida. Mutum ɗaya ba zai iya ba, don maƙwabcinsa zai shiga da dare. Ku zauna da ma'aikatan gandun daji ku yanke ranar rufewa da ta buɗewa, a yi shela a kasuwa, a faɗi tarar wanda ya karya, 'yan banda ma su ji.