Annoba da biza: Darasin da korona ta bar wa matafiyan Zariya

A ranar 5 ga watan Mayun 2023 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar korona ta daina zama barazanar gaggawa ga duniya baki ɗaya.

Sai dai a unguwanni irin su Muciya da ke ƙaramar hukumar Sabon Gari a jihar Kaduna, akwai gidajen da har yanzu ke lissafin abin da shekarun annobar suka ci musu: kujerar aikin Hajji da ta suɓuce, gurbin karatu da ya wuce, da jarin da ya narke ana jiran a buɗe hanya.

Muciya na tsakiyar masu tafiye-tafiye iri uku. Akwai maniyyata aikin Hajji da Umara, akwai 'yan kasuwar Sabon Gari da ke saro kaya daga Dubai da China, sannan akwai malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, masu neman ƙaro ilimi a ƙetare.

Dukkansu sun wayi gari a 2020 sun tarar cewa takardar izinin shiga ƙasa, wato biza, ba ta isa ta kai mutum inda ya nufa ba.

Yadda aka rufe ƙofofi

Saudiyya ce ta fara. A ranar 27 ga watan Fabrairun 2020 ta dakatar da shigar masu zuwa Umara daga ƙasashen waje, a daidai ranar da aka gano mutum na farko mai ɗauke da cutar a Najeriya, wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas.

Kafin ƙarshen watan Maris, gwamnatin Najeriya ta rufe filayen jiragen samanta ga zirga-zirgar ƙasa da ƙasa, ciki har da filin jirgin saman Malam Aminu Kano, wanda shi ne mafi sauƙi ga mutumin Zariya.

Amurka ta dakatar da ayyukan bayar da biza na yau da kullum a ofisoshin jakadancinta, yayin da China ta soke amfani da bizar da ta riga ta bai wa baƙi daga ranar 28 ga watan na Maris.

A cikin gida kuma, gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta kafa dokar hana fita a jihar Kaduna, kuma haramcin tafiya tsakanin jihohi bai kau ba sai a farkon watan Yuli.

Ko da aka sake buɗe sararin samaniya a ranar 5 ga watan Satumban 2020, filayen jiragen Legas da Abuja kawai aka buɗe. Na Kano ya ci gaba da zama a rufe ga jiragen ƙetare har zuwa watan Afrilun 2021, lamarin da 'yan kasuwar arewacin ƙasar suka yi ta kokawa a kai.

Takarda a kan takarda

Kafin annobar, abin da matafiyi ke buƙata bai wuce fasfo da biza da tikiti da katin shaidar rigakafin cutar shawara ba.

Bayan ta zo, sai aka ƙara sakamakon gwajin korona wanda ƙasashe da dama suka ce kada ya wuce sa'o'i 72 kafin tashi, da yin rajista a shafin intanet na ƙasar da za a je, da shaidar biyan kuɗin wurin killacewa, daga baya kuma da shaidar allurar rigakafi.

Matsalar ita ce kowace takarda da nata wa'adin. Biza na iya fitowa a lokacin da babu jirgi, jirgi ya samu bayan sakamakon gwaji ya tsufa, ko kuma a kammala komai ƙasar ta sauya doka cikin dare.

Nisa ya ƙara wa mazauna Zariya nauyi. Cibiyoyin karɓar takardun neman bizar Birtaniya da ofisoshin bizar Amurka a lokacin suna Abuja da Legas ne, haka ma asibitocin da aka amince su yi gwajin tarin fuka da Birtaniya ke nema daga masu niyyar zama fiye da wata shida.

Ke nan sai mutum ya bi hanyar Kaduna zuwa Abuja, wadda ta yi ƙaurin suna wajen satar mutane, sau biyu ko uku kafin ya kammala. Jirgin ƙasan da jama'a suka koma wa shi ma ya tsaya bayan harin ranar 28 ga watan Maris na 2022, bai dawo ba sai a watan Disamba.

Shi kansa fasfon ya yi wuya. A watan Mayun 2021 hukumar shige da fice ta Najeriya ta dakatar da karɓar sababbin buƙatu na wani ɗan lokaci domin ta rage tarin waɗanda ke jira.

Maniyyata

Babu inda abin ya fi taɓa zukata kamar batun Hajji.

A 2019 kusan mutane miliyan 2.5 ne suka yi aikin Hajji. A 2020 Saudiyya ta taƙaita shi ga 'yan tsirarun mazauna ƙasar, a 2021 kuma ta amince da mutane 60,000, su ma daga cikin gida.

Sai a 2022 aka sake karɓar baƙi, da adadin mutane miliyan ɗaya, bisa sharaɗin cewa maniyyaci ya yi allurar rigakafi, ya gabatar da sakamakon gwaji, kuma shekarunsa ba su kai 65 ba.

Najeriya da ta saba samun kujeru 95,000 ta samu 43,008 ne kawai a shekarar.

Ma'anar wannan ita ce dattijon da ya kammala biyan kuɗinsa a 2020 yana da shekaru 64, ya yi jiran shekara biyu, sannan aka shaida masa cewa shekarunsa sun wuce.

Wanda kuma shekarunsa suka ba shi dama ya tarar kuɗin kujera ya tashi daga kimanin naira miliyan ɗaya da rabi a 2019 zuwa kusan miliyan biyu da rabi a 2022, saboda faɗuwar darajar naira da ƙarin kuɗin hidima a Saudiyya.

Ga manomi ko ƙaramin ɗan kasuwar da ya sayar da gona ko shanu domin ya cika kuɗin, cikon naira miliyan guda ba ƙaramin abu ba ne.

Har a cikin waɗanda suka cika dukkan sharuɗɗan, ɗaruruwa sun rasa Hajjin 2022 saboda jinkirin biza da ƙarancin jirage, abin da ya sa hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta nemi afuwa.

An ɗage sharaɗin shekaru a 2023, kuma Najeriya ta koma kan kujerunta 95,000.

Dambarwar Omicron

Idan matakan 2020 sun shafi kowa da kowa, na ƙarshen 2021 sun fi faɗawa kan Afirka ne.

A ranar 24 ga watan Nuwamban 2021 Afirka ta Kudu ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya cewa masananta sun gano wani sabon nau'in cutar, wanda aka raɗa wa suna Omicron. Cikin kwanaki kaɗan ƙasashen Turai da Amurka suka rufe ƙofa ga ƙasashen kudancin nahiyar.

Kanada ta ƙara da Najeriya. Birtaniya ta sanya ta cikin jerin ƙasashen da ta haramta wa shiga daga ranar 6 ga watan Disamba, ta kuma dakatar da duba takardun masu neman bizar ziyara. Waɗanda ke da izinin zama a can sai sun biya fam 2,285 domin a killace su kwana goma a otal.

Saudiyya ita ma ta dakatar da jirage daga Najeriya, ta bar masu niyyar Umara da biza a hannu.

Jakadan Najeriya a Birtaniya na lokacin, Sarafa Tunji Isola, ya kwatanta matakin da wariyar launin fata ta fuskar tafiye-tafiye, kuma Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, Antonio Guterres, ya yi irin wannan suka.

Hujjarsu ta ƙara ƙarfi da hukumomin lafiya na ƙasar Holland suka tabbatar cewa akwai nau'in a samfuran da aka ɗauka a ƙasarsu tun kafin sanarwar Afirka ta Kudu.

A ranar 15 ga watan Disamba Birtaniya ta soke jerin baki ɗaya, tana mai cewa tunda cutar ta riga ta yaɗu a cikin gida, matakin ya rage amfani. Kwana tara kacal ya yi a kan Najeriya, amma ya faɗo a kan lokacin hutun ƙarshen shekara da shirin komawa makarantu.

Akwai kuma batun allurar kanta. Kason farko da Najeriya ta samu a ranar 2 ga watan Maris na 2021, kusan miliyan huɗu, samfurin AstraZeneca ne da aka sarrafa a Indiya, wanda da farko ba ya cikin waɗanda hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da su. Birtaniya ba ta fara karɓar shaidar rigakafin da aka yi a Najeriya ba sai a watan Oktoban 2021.

Ba yau farau ba

Ga dattawan Zariya, wannan ba shi ne karo na farko da cuta ta shiga tsakaninsu da Makka ba.

A 1996, lokacin da sanƙarau ya kashe mutane fiye da 10,000 a Najeriya, akasari a arewa, Saudiyya ta hana maniyyatan ƙasar shiga.

Bayan dakatar da rigakafin shan inna a jihar Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, ƙwayar cutar ta ɓulla a ƙasashe masu nisa kamar Yemen da Indonesiya, kuma Saudiyya ta sanya rigakafin cikin sharuɗɗan shigar alhazan Najeriya.

A watan Maris na 2012 Afirka ta Kudu ta tiso ƙeyar 'yan Najeriya 125 bisa zargin cewa katin rigakafin shawararsu na jabu ne. Najeriya ta rama, daga bisani Afirka ta Kudu ta nemi gafara.

Amma akwai misalin da ya sha bamban. A 2014 Saudiyya ta hana maniyyatan Gini da Laberiya da Saliyo biza saboda cutar Ebola, ta ƙyale na Najeriya duk da cewa cutar ta shigo Legas, domin hukumomi sun nuna cewa sun bi sawun waɗanda suka kamu sun killace su. A watan Oktoban shekarar aka ayyana ƙasar a matsayin wadda ta rabu da cutar.

Abin da waɗannan misalai ke nunawa shi ne, a lokacin annoba ba matafiyi kaɗai jami'in biza ke dubawa ba. Yana duba ko za a iya gaskata alƙaluman ƙasarsa da takardun da asibitocinta ke bayarwa.

Shi ya sa duk wanda ya sayi katin rigakafi ko sakamakon gwaji na bogi domin ya tsallake layi, yana rage darajar takardar maƙwabcinsa ne da ya bi ƙa'ida.

Lafiya ko siyasa?

Dokokin kiwon lafiya na ƙasa da ƙasa na 2005 sun buƙaci kada ƙasashe su ɗauki matakan da za su takura zirga-zirga fiye da yadda hujjar kimiyya ta nuna. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta da ikon hukunta wadda ta saɓa.

Wannan giɓi ya sa wasu matakan suka cakuɗe da wasu buƙatun daban. Saɓanin da ya fara a farkon 2021 tsakanin Najeriya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kan ƙarin gwajin gaggawa kafin hawa jirgi, ya rikiɗe ya zama jayayya kan yawan sauka da tashin jiragen Emirates da Air Peace. A 2022 Daular ta daina bai wa 'yan Najeriya biza, kuma ba ta koma bayar da ita ba sai a 2024.

China kuwa ba ta koma bayar da kowane irin biza ba sai a watan Maris na 2023, kusan shekara uku da rufewa. A tsawon lokacin, 'yan kasuwa da dama sun koma aika kuɗi ga dillalai suna karɓar kayan da ba su gani da idonsu ba, ɗalibai kuma suka koma ɗaukar darasi ta intanet.

Najeriya ma ba ta tsira daga irin wannan zargi ba. A watan Satumban 2020 ta hana wasu kamfanonin jiragen Turai sauka a matsayin ramuwa, a watan Mayun 2021 kuma ta haramta shigowar baƙi daga Indiya da Brazil da Turkiyya.

A watan Mayun 2025 ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da wata yarjejeniya kan tunkarar annoba a nan gaba, wadda ta fi mayar da hankali kan raba magunguna da allurai bisa adalci. Ikon buɗe iyaka ko rufe ta dai ya ci gaba da zama a hannun kowace ƙasa.

Saboda haka abin da ya rage a hannun hukumomin Najeriya shi ne abin da ke cikin gida: takardun lafiya da za a iya tantancewa, cibiyoyin gwaji da na karɓar takardu kusa da jama'ar arewa, da tsari bayyananne kan makomar kuɗin maniyyaci idan aka fasa tafiya.

Zariya gari ne da ke horar da matuƙa jiragen sama tun 1964. Amma a shekarun korona, mazaunin Muciya da ke son hawa jirgi zuwa ƙetare sai da ya fara kama hanyar Abuja.