Wane Irin Jirgi Ne "Boat"?

A makon jiya mun rubuta kalmar boat a allo, muka tambayi 'yan aji huɗu ma'anarta da Hausa. Suka amsa baki ɗaya, "Jirgi!" Muka ce madalla, to, kowa ya zana mana shi. Da muka zaga muna duba littattafansu, sai ga wani yaro ɗan Ƙofar Durbi ya zana abu mai fukafukai biyu da wutsiya, har da gajimare a ƙarƙashinsa. Sauran suka yi ta dariya. Mu kam ba mu yi ba, gama yaron bai yi ƙarya ba. A birnin Katsina babu kogin da ake ƙetarewa da jirgi. Jirgin da ya sani shi ne wanda yake wucewa ta bisa kansa.

Laifin, in akwai laifi, na kalmarmu ne. Kakanninmu in sun ce jirgi, abin ƙetare ruwa suke nufi. Da hanyar dogo ta iso Kano a 1911, sai aka ara wa baƙon suna, aka ce jirgin ƙasa. A 1925 na sama ya sauka a Kano, shi ma aka ara masa. Yanzu kalma ɗaya ce take ɗauke da su duka, ba ta kuwa faɗa maka girman ko ɗaya.

A Turanci ba haka ba ne. Boat shi ne ƙaramin jirgin ruwa, wanda ake tuƙawa da filafili ko da ɗan inji, a kogi ko tafki ko gefen teku. Babban da yake ratsa teku da kaya zuwa Ikko, ship ake ce masa. Ma'aikatan teku suna rarrabe su da sauƙi, watau babban yana iya ɗaukar ƙaramin a bisa kansa, amma ƙaramin ba ya iya ɗaukar babban. Ko da yake su Turawan ma ba kullum suke bin dokarsu ba. Jirgin yaƙin nan mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, kome girmansa, boat sojojinsu suke kiransa.

Kalmar tsohuwa ce ƙwarai. Fiye da shekara 1,000 da suka wuce mutanen Ingila suna cewa bat, suna jan wasalin, "baat". Sannu a hankali wannan a ta koma o a bakinsu, kamar yadda stan ya zama stone, dutse ke nan, ham kuma ya zama home, gida. Faransawa ma daga tushen nan suka sami tasu, wadda 'yan'uwanmu na Maraɗi suke ji ana cewa "bato". Amma canoe, sunan kwale-kwale, ba ta Ingila ba ce sam. Kolombus ne ya ji ta a bakin mutanen tsibiran Amurka a 1492, ta bi ta harshen Sifen ta shiga Turanci.

Wani wurin da yara suke tuntuɓe shi ne salon magana. In Bahaushe ya ce jirgi ɗaya ya kwaso su, yawanci halinsu ɗaya yake nufi. Bature yana da maganar zama cikin boat ɗaya, amma shi wahala ɗaya yake nufi, irin ta mutanen da in abin ya kife duka za su sha ruwa. A jarrabawa kada ɗanku ya musanya su.

To, ina amfanin sanin girma? Ku da kuke da tsohon Littafi Mai Tsarki na Turanci, fassarar 1611, ku duba labarin masuntan Galili, za ku ga sau da yawa ship aka rubuta. Sababbin fassarori sun mai da shi boat, sun kuwa yi daidai. A 1986 fari ya sa ruwan Tekun Galili ya janye, aka tarar da wani jirgin masunta na wancan zamani a cikin laka. Tsawonsa ƙafa 27, faɗinsa ƙafa 7 da rabi. Yaron da ya san haka ba zai ƙara mamakin tsoron da ya kama almajiran sa'ad da hadari ya taso ba.

Nan gida ma girman nan ba wasa ba ne. A ƙarshen Nuwamba na 2021 wani jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, cikin jihar Kano, mutum 29 a ƙalla suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta. An yi masa lodi fiye da ƙarfinsa. Mu da muka ji ana cewa "jirgi" mun zaci wani babban abu ne, ashe na katako ne irin na fito.

Ran Litinin muka fita da 'yan ajin waje da igiyar awo, muka zana ƙafa 27 a ƙasa, muka ce su shiga ɗaya bayan ɗaya su zauna. Ɗan Ƙofar Durbin nan ne ya fara cewa, "Malam, ya cika."