Gargaɗin "Kada Ka Taɓa" Bai Isa Ya Tsare Kwamfuta Ba

A shagunan intanet na Samaru, inda ɗalibai ke cincirindo lokacin rajistar jarrabawar JAMB, da ɗakunan kwamfuta na makarantun da ke kan hanyar Basawa, gargaɗi guda ake yawan ji: kada ka buɗe saƙon da ba ka san mai shi ba, kada ka taɓa abin da ba ka gane ba. Gargaɗin yana da kyau, amma ya sa jama'a sun ɗauka cewa duk na'urar da aka yi wa kutse sakacin mai ita ne. Ba haka abin yake ba. Akwai ɓarakar da ba ta bukatar kowa ya taɓa kome, kuma ita ce mafi muni.

Kowace babbar manhaja, Windows ce ko Linux ko Android, tana da cibiya wadda masana ke kira kanel. Ita ce ke raba wa sauran manhajoji gurabe a ƙwaƙwalwar na'ura, ita ce ke riƙe da mabuɗin kowane ɗaki. Wani sashe nata shi ne tamkar zauren gida, watau inda ake karɓar duk ƙunshin saƙon da ya shigo daga waje, tun kafin maigida ya san an yi sallama. Yawancin wannan sashe an rubuta shi da harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙago a Amurka wajen 1972. Harshe ne mai sauri, amma yana da hali guda: idan an ware gurbi mai cin mudu ɗaya, aka ce ya zuba mudu biyu, zubawa zai yi bai ce uffan ba. Rarar sai ta malala cikin gurbin maƙwabta. Mai awo a kasuwar Sabon Gari zai ga hatsi na zuba ya tsaya. Harshen C kuwa ba ya dubawa, sai in mai rubutun ya tuna ya sa shi ya duba.

Ɓarawon da ya san wannan sai ya tsara rarar da gangan, ta yadda abin da ya malala zai zama umarni. Da yake a cikin kanel ne abin ya faru, umarnin nan ba shi da mai tsawata masa.

Tarihi ya nuna haka sau da dama. Ƙa'idar intanet ta ce ƙunshin saƙo ɗaya kada ya wuce bayit 65,535. A 1996 aka gano cewa in an aika shi gutsure-gutsure, yadda bayan an harhaɗa zai zarce wannan adadi, kwamfutoci da yawa sukan sandare nan take. Wannan wasan yara ne in aka kwatanta da abin da ya auku ranar 12 ga Mayu, 2017, lokacin da cutar WannaCry ta bi ta wata ɓaraka a sashen Windows mai kula da musayar fayil tsakanin kwamfutoci. Ta kama na'urori fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana kulle bayanai tana neman fansar dala 300. Asibitocin Ingila sun soke ganin marasa lafiya dubbai. Abin takaicin shi ne kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan ɓaraka tun watan Maris na shekarar. Waɗanda suka sa facin sun tsira. Ko a Agustan 2024 sai da kamfanin ya sake toshe wata irinta a sashen karɓar saƙon intanet na Windows.

Ba tsautsayi ba ne jefi-jefi. A 2019 Microsoft ya bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na ɓarakar da yake toshewa duk shekara daga kuskuren sarrafa ƙwaƙwalwa suke tasowa.

To, a nan ne batun ya shafi Zariya kai-tsaye. Microsoft ya daina tura faci ga Windows 7 a Janairun 2020, ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 a Oktoban 2025. Duk makarantar da ta haɗa irin waɗannan na'urori da intanet, ta ajiye sakamakon ɗalibai a ciki, ta bar zaurenta ba ƙyaure. Haka ma tsohuwar wayar hannu da aka saya ta biyu, wadda kamfaninta ya daɗe da mantawa da ita. Shugaban makaranta zai ce data na da tsada, wuta ba ta tsayawa, kuɗin sabuwar na'ura babu. Uzurin gaskiya ne. Sai dai Linux kyauta ake samunta, tana tafiya a kan tsohuwar kwamfuta, ana kuma ci gaba da yi mata faci. Ita ma ba ta kuɓuta daga wannan ciwo ba, amma ana yi mata magani.

Maganin dindindin yana hannun masu rubuta manhaja. A Disamban 2022 aka fara shigar da harshen Rust cikin kanel ɗin Linux, harshen da ke duba iyakar gurbi da kansa, ya ƙi yarda a zuba abin da ya fi ƙarfinsa. Ba za a sake rubuta layi miliyoyi cikin dare ɗaya ba, don haka C zai daɗe ana aiki da shi. Ɗalibin da ke burin karatun kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello zai tarar da harsunan biyu a gabansa, kuma ya fi kyau ya iso da fahimtar iyaka tun daga sakandare.

Malami ba ya bukatar na'ura don koyar da wannan. Ya zana akwatuna goma a allo domin suna, na sha ɗaya domin makin jarrabawa, ya rubuta maki a ciki. Sa'an nan ya kira ɗalibi ya rubuta Abdurrahman, harafi ɗaya a kowane akwati. Haruffan sha ɗaya ne, na ƙarshen a kan makin zai sauka.