Wayar hannu a daji: abokiyar tafiya ce, amma kada a ba ta ragama

A ranar 22 ga Yuli 2013, wata mata mai shekara 66 ta ratse daga hanyar Appalachian a jihar Maine ta Amurka domin ta kama ruwa. Da ta juyo, hanya ta ɓace mata. Ta rubuta wa mijinta saƙon tes, saƙon bai tafi ba saboda babu sabis. Sai ta hau tudu tana neman inda waya za ta kama, kowane taku kuwa yana ƙara nisanta ta da hanya. Littafin da take rubutu a ciki ya nuna ta rayu kusan mako huɗu tana jiran ceto. Ba a ga gawarta ba sai a watan Oktoba 2015, kimanin kilomita 3 daga hanyar.

Hanyar Appalachian ba baƙon daji ba ce. An kammala ta a 1937, tsawonta ya kai kimanin kilomita 3,500 daga Georgia zuwa Dutsen Katahdin, ta ratsa jihohi 14, kuma an shafa farin fenti a jikin bishiyoyi da duwatsu domin matafiyi ya riƙa bi. Duk da haka, a kurmin Maine taku kaɗan ya isa ya raba mutum da alamar ƙarshe da ya gani.

Duk lokacin da irin wannan ya faru, mutane kan rabu gida biyu. Wasu su ce waya ce ta lalata matafiya, a koma ga taswirar takarda da kamfas. Wasu su ce da tana riƙe da na'urar zamani da ta tsira. A ganina kowane ɓangare ya kama rabin gaskiya ne.

Masu zagin waya sun manta cewa GPS ba ya bukatar sabis. Wayar tana sauraron siginar taurarin ɗan'adam, kuma huɗu sun isa ta gane inda take. Tun watan Mayun 2000, da gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin siginar da farar hula ke samu, kuskuren ya ragu zuwa 'yan mitoci. Wanda ya sauke taswira a manhaja kamar FarOut kafin ya shiga daji zai ga kansa a kanta ko babu intanet. Akwai kuma na'urori irin su inReach na kamfanin Garmin, da ke aika saƙon neman agaji ta taurarin Iridium. Watsi da waɗannan don burga wauta ce.

Masu dogaro da waya kaɗai su ma sun manta cewa sanyi yana cinye batir, ruwan sama yana hana allo jin yatsa, faɗuwa ɗaya a kan dutse tana iya kawo ƙarshen komai. Babbar illar ma tana cikin kai. Wanda ke bin ɗigo a allo yakan daina lura da rafin da ya tsallake, da gefen da rana take, da gangaren da ya sauko. Ranar da allon ya mutu, sai ya tarar bai san komai ba game da ƙasar da ya yini yana takawa.

Taswira da kamfas ma ba laya ba ne. Allurar kamfas tana nuna arewar maganaɗisu, wadda a Maine ta karkata kusan digiri 15 yamma da arewar taswira. Wanda bai gyara wannan ba zai kauce da kusan mita 260 a kowace kilomita. Kayan da ba a koyi aiki da su a gida ba nauyi ne kawai a jaka.

Hausawa na kiran madugu uban tafiya, domin a ayarin gishiri da ke ratsa Tenere zuwa Bilma shi ke riƙe da hanya a kansa, yana karanta taurari da yashi. Mai tafiyar ƙasa shi kaɗai dole ya zama madugun kansa. Kafin ya bar hanya ko da na minti biyar, ya duba kamfas ya san ta wace fuska ya fita. Kowace sa'a ya faɗa wa kansa inda yake zaton yake a taswira, sannan ya buɗe waya ya gwada zatonsa. Ya bar wa wani a gida jadawalin zangonsa. Idan ya ɓata, ya tsaya tun yana kusa, kada neman sabis ya ja shi cikin kurmi.

Wayar ta zauna a aljihu tana tabbatar da abin da ido ya riga ya gani. Matar Maine tana da waya, tana da tanti da abin rubutu. Abin da ta rasa shi ne sanin ta wace fuska hanya take, kuma wannan ana tanadinsa ne tun kafin a ratse.