Sojan Ruwa a Dawakin Tofa: Sayen Jirgi Daban, Riƙonsa Daban

A shekarar 2021, lokacin da Rundunar Sojan Ruwa ta Nijeriya ta ce za ta kafa sansani a Jihar Kano, gwamnatin Ganduje kuma ta ba da fili hekta 100 a Dawakin Tofa, an sha ce-ce-ku-ce. Wasu dattawan Neja Dalta sun tambaya ko a kan rairayi jiragen za su yi iyo. Daga baya abin da ya tabbata a wurin shi ne kwalejin koyar da hafsoshi dabarun tanadin kayan aiki. Ni ɗan karkarar arewacin Kano ne, kuma ban ga abin dariya a ciki ba.

Manomin da bai taɓa ganin teku ba, da teku yake ci. Sinadaran da ake haɗa takin zamani da su, wasunsu ta jirgin ruwa suke shigowa. Riɗi da zoɓon da ake lodi a kasuwar Dawanau ta tashar Legas suke fita. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a Mashigin Gini aka kama su. Idan kuɗin inshorar jirgi ya hau, a kan buhun taki yake sauka. Saboda haka ban ƙi sayayyar da aka yi ba: Lana, mai auna zurfin teku, daga Faransa a 2021, Kada, mai ɗaukar sojoji da motocin yaƙi, a 2022, ga jiragen sama da na sintiri na shirin Deep Blue da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a 2021. Fashin teku ya ragu ƙwarai bayan nan.

Damuwata a wani wuri take. A matsayina na ɗalibin harshe, sunan Aradu ya daɗe yana burge ni, wato jirgin yaƙin da aka ƙera mana a Jamus, ya fara aiki a 1982. Suna ne na Hausa mai firgitarwa. Amma jirgin da ya je Ingila bikin Trafalgar a 2005 ya koma ya shekara da shekaru ɗaure a bakin ruwa, ba don abokan gaba sun harbe shi ba, sai don rashin gyara a kan kari. Mun iya yanka ragon suna, renon ɗan ne ke gagarar mu. Jirgi na buƙatar mai, da kayan gyara a ajiye, da ma'ajin da ya san inda kowace naira ta shiga. Wannan kuwa shi ne ainihin darasin da aka ce za a koyar a Dawakin Tofa, kuma koyonsa ba ya buƙatar teku.

Sai dai kada a manta da abin da aka biya. A ƙasar da gona ke manne da gona, inda magidanci ke ciyar da iyali da hekta ɗaya ko biyu, yana kai mata takin gargajiya a kan jaki tun rani, hekta 100 ba daji ba ce. Ya kamata 'yan majalisarmu na Kano ta Arewa su nemi rundunar ta faɗi hafsoshi nawa kwalejin ta yaye, da kuma kwana nawa Kada da Lana suka yi a teku bara, kwana nawa suka yi suna jiran kayan gyara.