Mega mega ne: kada kampanin waya ya zaɓa mana abin da za mu buɗe



Yau maganar forfe nake so mu yi. Kowa ya san irin forfen nan mai arha wanda ba ya buɗe komai sai WhatsApp da Facebook, wani lokacin da TikTok. Ka tura bokal, ka kalli bidiyo, lafiya lau. Amma da an turo maka adireshin wata jarida ka danna, sai wayar ta yi ta juyawa, ko ta shiga cin kiredinka. Yawancinmu rangwame muke ɗaukar wannan tsari. Ni a ganina shinge ne, kuma ya kamata hukuma ta cire shi.

Ku ɗauka motar kasuwa ce daga Cadakori zuwa Maraɗi. Direba ya ce: in rumfar Alhaji wane za ka, kawo dala 40; in wata rumfa ce, sai ka ba da jaka ɗaya. Hanya ɗaya, mai ɗaya, kujera ɗaya. Wa zai yarda? Aikin direba ya kai ka tasha, inda za ka sayi kaya kuwa ba ruwansa. To ƙa'idar da ake kira neutralité du net da Faransanci ita ce wannan: kampanin da ya sayar maka da intanet ya bar kowane shafi ya wuce daidai, kada ya rage wa wani gudu, kada ya toshe wani, kada ya fifita wani ta hanyar farashi. Wani malamin shari'a na Amurka, Tim Wu, shi ya raɗa mata suna a 2003.

Me ya sa abin ya fi shafarmu? Saboda ba mu da zaɓi mai yawa. Kampanonin salula huɗu ne a Nijar: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da ya sayi Orange a 2019, sai Niger Telecom na gomnati da aka kafa a 2016 bayan haɗe Sonitel da SahelCom. Huɗun nan ma a birni ne. A ƙauyuka da dama reso ɗaya ko biyu ke kamawa, wani wurin sai an hau tudu. Starlink ya iso a 2025, amma kuɗin na'urarsa ya fi ƙarfin manomi. Mutumin da reso ɗaya ke kaiwa garinsu ba zai iya yin fushi ya canja layi ba. Abin da kampani ya ajiye masa, shi zai ɗauka.

Ga abin da ke biyo baya. Bokal ya shigo gurup cewa tiyar wake ta faɗi a Maraɗi, ko aya ta tashi a Gazawa. Manomi ya ji, amma forfensa ba zai buɗe masa bayanan SIMA masu bin farashin kasuwanni ba, ko shafin RECA na shawarwarin noma. Jita-jita ta yaɗu cewa an kai hari wani gari, ko allurar rigakafi tana da illa. Sauraren jita-jitar arha ne, binciken gaskiyarta a shafin ANP ko na jaridar Le Sahel kuwa da tsada. Haka muke mayar da ƙarya mai sauƙi, gaskiya mai wuya, sannan mu dawo muna zagin mutanen karkara wai suna yarda da komai.

Mu ƴan rediyo ma abin ya taɓa mu. Gidan rediyon karkara da ya buɗe shafinsa na kansa ba zai samu masu shiga ba, dole ya kwashe shirye-shiryensa ya zuba a Facebook. WhatsApp da Facebook kuwa duk na kampani ɗaya ne, Meta. Haka matashin da ya ƙera manhajar cinikin hatsi a Maraɗi: tun kafin ya fara, an riga an tsada hanyar zuwa wurinsa.

Na san abin da wasu za su ce: kai mai rediyo, talaka da dala 20 yake magana da ɗansa da ke Agadas ko Libiya, kana so a hana shi? Magana ce mai nauyi. Ga wanda bai yi lekkol ba, bokal ya zame masa wasiƙa da tarho gaba ɗaya. Su ma kampanonin suna da nasu kukan, na man janareto, da ƙarancin wuta, da haraji. Amma ba cewa nake a ƙara kuɗi ba. Cewa nake megan nan da ake sayarwa da arha a bar shi ya buɗe komai. In kampani yana iya ɗauko bidiyon TikTok a wannan farashi, ɗauko rubutun jarida ba zai karya shi ba, don rubutu bai kai bidiyo nauyi ba ko kusa. Mai son WhatsApp kaɗai zai ci gaba da abinsa, ba abin da ya rasa.

Kuma ba mu za mu fara ba. A Fabrairun 2016 hukumar sadarwar Indiya ta hana bambanta farashi bisa shafin da mutum ya buɗe, abin da ya kawo ƙarshen shirin Free Basics na Facebook a can, alhali su ma suna da talakawa miliyoyi. A 2021 kotun Tarayyar Turai ta ce irin wannan fifiko ya saɓa wa dokarsu ta 2015. Amurka kuwa ta kafa ƙa'idar a 2015, ta soke a 2017, ta maido a 2024, kotu ta sake rushe ta a Janairun 2025. Darasin da ke nan shi ne a rubuta ta cikin doka ƙarara, kada a bar ta ga ra'ayin wanda ke kan kujera.

Muna da hukumar da za ta iya. ARCEP, da aka kafa a 2018, ta ci kampanonin huɗu duka tarar sama da miliyar 4 na sefa a 2023 saboda rashin ingancin reso. Wanda ya iya wannan zai iya cewa mega mega ne. Ƙa'idar kuma ta hau kan hukuma ita ma: ba mu manta da kwana 10 da aka rufe intanet na salula ba daga 24 ga Fabrairun 2021, bayan sakamakon zaɓe.

Abu uku nake roƙon ARCEP. A hana forfen da ke ware wasu shafuka. A tilasta wa kampanoni su bayyana sharuɗɗan kowane forfe da Hausa da sauran harsunanmu, ba da Faransanci kaɗai ba. A kuma dinga wallafa sakamakon awon reso gunduma gunduma, don mutumin Cadakori ya san abin da yake biya. Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin manoma da na matasa, in an zo taron jin koken jama'a, ku sa wannan cikin jerin buƙatu, kusa da taki da ruwan sha.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.