Kwamfutar Kwantum: Dalilin Da Ya Sa Ya Kamata Abuja Ta Dubi Gubi

A shekarar 1995, Eric Cornell da Carl Wieman suka sanyaya ƙwayoyin zarra na sinadarin rubidiyam a Boulder ta ƙasar Amurka, har suka kusanci iyakar sanyi, wato digiri 273.15 ƙasa da sifili. Aikin ya ba su kyautar Nobel ta 2001 tare da Wolfgang Ketterle. A yau irin waɗannan ƙwayoyi ake kamawa da hasken leza, a jera su ɗaya bayan ɗaya, kowace ta zama kubit, tubalin kwamfutar kwantum. Kwamfutar da aka saba da ita ba ta san komai ba sai sifili ko ɗaya, amma kubit kan riƙe gaurayen biyun a lokaci guda. A Disamban 2023, masana a Jami'ar Harvard sun haɗa kubit 48 masu gano kuskure daga irin waɗannan ƙwayoyi.

Lamarin ya shafi kowane ma'aikacin gwamnati. Idan na'urar ta girma, za ta iya karya makullan sirri da ake kare bayanan banki da na hukumomi da su, kuma mai satar bayanai na iya ajiye su tun yanzu ya jira ranar buɗewa. Saboda haka hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idojin kulle bayanai a Agustan 2024.

Ba a cewa Najeriya ta ƙera wannan kwamfuta bana. Abin da take buƙata shi ne masanan da za su fahimce ta. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, wadda aka kafa a 1980 domin koyar da fasaha, tana da fili a harabarta ta Gubi. Ƙaramin ɗakin gwajin sanyaya zarra bai fi ƙarfin asusun TETFund ba, muddin an tanadi lantarki mara yankewa da kuɗin gyara na shekaru.

Ya dace TETFund ta ware wannan kaso, ta tura matasan malaman kimiyya horo da sharaɗin dawowa. Ita kuwa NITDA ta lissafa ma'aikatun da ke dogaro da tsofaffin makullai, ta sa musu wa'adin sauyawa. Masu tsara kasafin kuɗi su tuna cewa tun ran gini ake zane.